Kyamarorin Da Na Taya Kamar Atamfa

Zuwa ga 'yata Hauwa'u, Mamana,

Aminci da rahamar Allah su tabbata a gare ki. Ina gaishe ki gaisuwar uban da ya daɗe bai sa 'yarsa a ido ba. Ina gaida Ummanku da ƙannenki, da fatan takardar nan ta same ku lafiya kamar yadda na rubuta ta ina lafiya a nan Guangzhou. Allah ya kai ki Abuja lafiya, ya tsare miki hanya, ya haɗa ki da maƙwabta nagari da shugaba mai tsoron Allah.

Na san za ki yi dariya ganin takarda a wannan zamani, ki ce Abba ya tsufa. Sau uku ina gwada yi miki saƙon murya ina gogewa, domin da na kai tsakiya sai muryar ta ƙi fita. Shi ya sa na zauna na rubuta, na ba Alhaji Mamman na Maraɗi, maƙwabcin ofishina a benen Tianxiu, tunda ta Kano zai bi. Na ce masa hannu da hannu zai ba ki.

Ummanku ta gaya mini an ɗauke ki aiki a ofishin da ke duba kayan tsaro kafin gwamnati ta karɓe su daga hannun 'yan kwangila. Wallahi na yi murna, har lemo na raba wa 'yan hawan benenmu, har da Sinawan da ba su san me ake yi ba. Amma da na koma masaukina a Panyu na zauna ni kaɗai, sai murnar ta koma ciki. A wannan ofishin naku akwai wani fayil, kuma sunana yana ciki. Ko ba jima ko ba daɗe za ki gan shi, gara kuwa ki ji daga bakina. Abu ɗaya nake tsoro, Mamana, kada ki gama karanta wannan ki daina ɗaukar wayata.

Shekara tara ke nan, kina aji biyar a sakandare, wani mutum ya kira ni daga Abuja. Ya samu kwangilar kai wa sojojin da ke sintiri a kan iyakar arewa kayan sa ido, saboda masu fataucin ƙwaya da ke bin hanyoyin daji da motoci da babura. Kyamarori ne da ake kafawa a kan dogayen ƙarafa, suna hango nesa, suna gane ɗumin jikin mutum ko na injin mota, suna aika hoto sansani. Akwai kuma ƙananan jirage marasa matuƙa. Yana neman mutum a Sin wanda zai nemo masana'anta, ya yi ciniki, ya tsaya a kan lodi. Ya tambaye ni ko na san irin kayan.

Abin da na sani a lokacin tayil ne, da fitilun sola, da atamfa da leshi. Kyamarar da na taɓa riƙewa ita ce ta wayata. Amma na ji an ce kwangilar gwamnati, na hango kaina na dawo Kano gaba ɗaya, na gama ginin da na bari a linta, na zauna ina kai ku makaranta da kaina. Sai na ce masa, "Ranka ya daɗe, ai wannan aikina ne."

Wannan ita ce ƙaryar farko, sauran duk 'ya'yanta ne. Ke kin yi karatun injiniya, kin fi ni sanin waya da batir nesa ba kusa ba, amma wata rana za a ajiye miki na'urar da ba ki taɓa gani ba, ga manya zaune suna jiran bakinki. Ki ce ba ki sani ba, a ba ki kwana biyu. Kunyar ba ta wuce minti biyar. Ni na guje ta, ga shi har yau ina cikin wadda ta fi ta.

Na samu masana'anta a bayan gari, ta wani mutum mai suna Mista Lin. Lawban muke ce masa, wato maigida a bakinsu. Mutum ne mai fara'a, ga shayi ba ya yankewa a teburinsa, irin ƙananan kofunan nan da ba sa kashe ƙishirwar kaza. Na miƙa masa takardar da sojoji suka rubuta abin da suke so, ya karanta, ya faɗi kuɗinsa.

To a nan ne jinin Kantin Kwari ya motsa. Kin san kakanki a Kwari ya tashe ni, kuma a wurinsa duk wanda ya sayi abu a farashin farko ba ɗan halak ba ne a kasuwa. Ana tayawa, mai kaya ya ce albarka, ka yi kamar za ka tafi, ya kira ka, ku haɗu a tsakiya. Turmin atamfar kuwa yana nan yadda yake a gabanku, ba ya raguwa don kun yi ciniki. Haka na ɗauka ko'ina ne. Na taya, na kama baki, na miƙe kamar zan tafi. Mista Lin bai ce albarka ba. Sinawan masana'anta ba su da albarka. Ya danna na'urar lissafinsa, ya yi murmushi, ya ce zai yiwu. Ya fito da sabuwar takarda na sa hannu.

Bayan kwana biyu na koma na sake tayawa, ya sake cewa zai yiwu, da wata takardar. Sau huɗu muka yi haka. Na fito ina jin kaina, na shiga ofishin Alhaji Mamman ina ba shi labarin yadda na murɗe Basine.

Yana cin gyaɗa, bai ko ɗago ba. Ya ce, "Alhaji, sau nawa ya ce maka meyo?"

Meyo shi ne babu a yarensu. Na ce ko sau ɗaya bai ce ba.

Ya ce, "To ba kai ka murɗe shi ba. Mutanen nan in ka rage musu kuɗi ba su hushi, ciki suke shiga su rage kaya. Kwalin na nan, hentin na nan. Kai da ka shekara kana sayen hitila, ba ka san wanga ba?"

Na sani mana. A fitila na san akwai ta ɗaya da ta biyu da ta uku, duk jiki ɗaya. Amma na ce a raina wannan kayan soja ne, wa zai taɓa shi? Kuma takardun nan huɗu da Turanci da Sinanci suke, cike da lambobi, ban karanta ko ɗaya ba. Daga baya na san abin da ke ciki. A ta farko an canza batir. A ta biyu an cire abin da ke sanyaya cikin kyamarar. A ta uku an rage zafin da na'urar za ta iya jurewa. Ta huɗu ma ba sai na faɗa ba. Mutumin bai cuce ni ba, Mamana, duk abin da ya cire ya rubuta, ni kuma na sa hannu a ƙasa. Mai kwangilar ya yaba mini ƙwarai, don ragowar kuɗin ta zauna a aljihunsa, ni ma an ɗan shafa mini.

Kin tuna kina 'yar shekara goma na zo hutu da fitilu biyu iri ɗaya? Kika ɗauki wuƙar Ummanku kika kwance su a tsakar gida, kika zo kina cewa, "Abba, cikin wannan ba irin cikin waccan ba ne." Na yi miki faɗa kin ɓata mini samfur. Sau da yawa in ina cikin jirgin ƙasa zuwa Panyu sai in tuno ki a durƙushe kan tabarma da ƙananan kusoshi a cikin murfin kwano, in ji kamar in sauka in nemi jirgin Kano. Wannan halin naki kada ki bari aikin ofis ya kashe shi. Idan kika ga farashi ya faɗo babu gardama, ki tambayi me aka cire. Ki karanta kowace takarda har ƙananan rubutun ƙasa, ko da mai ita yana tsaye a kanki yana duba agogo.

Da kaya suka kammala, sai aka turo jami'in da zai duba su kafin lodi. Sunansa Manjo Iliya, dogon mutum marar yawan magana, bai taɓa fita ƙasar waje ba sai wannan karon. Ya zo da littafinsa da biro, da niyyar buɗe kowane akwaku. Kwana biyar aka ba shi.

Ni na tarbe shi a filin jirgi. Na kai shi masallaci ranar Juma'a, na kai shi inda ake tuwo da miyar kuka a unguwar Xiaobei don ya kasa cin abincinsu. Ya ce matarsa ta yi masa saƙon leshi, na ce ai an zo gidan leshi. Muka yi kwana biyu muna zaga kasuwa. Ba wai na shirya in ɗauke masa hankali ba ne, Allah ya sani. Haka muke yi wa kowane baƙo daga gida, ka ci da shi, ka zaga da shi, ka nuna masa gari. Sai dai kuma ban ƙi kwanakin su tafi a haka ba, wannan ma Allah ya sani.

Rana ta huɗu muka je masana'anta. Lokacin sanyinsu ne, kowa da rigar sanyi. Mista Lin ya kafa kyamara ɗaya a kan rufin bene, muka zauna a ɗaki muna kallon allo. Ta nuno mana wani mutum yana tafiya can nesa a bakin kogi, har jakar hannunsa muna gani. Aka tashi jirgi ɗaya ya zaga ya dawo. Manjo ya ji daɗi. Sai ya ce yana so a buɗe masa akwaku goma daga cikin waɗanda aka ɗaure, shi zai zaɓa.

Mista Lin ya ce an riga an naɗe su an buga ƙusa, buɗewa zai ci kwana biyu, ga jirgin ruwa ba ya jira. Manjo ya juyo ya dube ni.

Ya ce, "Alhaji, kai ne idona a nan. Abin da ke cikin akwakun nan shi ne abin da na gani a sama?"

Na ce, "Yallaɓai, shi ne. Ka sa hannu, ni na tsaya."

Ya sa hannu. Wadda aka kafa a kan rufi samfurin farko ce, tun kafin in fara tayi. Ban tabbata ba a ranar, amma zuciyata ta raya mini, na danne ta. Na ga mun ci abinci a kwano ɗaya da Mista Lin, na ga nauyin in ce a fasa masa akwaku kamar ina tuhumarsa. Na ji nauyin Basine, ban ji nauyin sojan da zai zauna a daji yana dogara da abin ba.

Za a yi miki irin wannan karamcin, Mamana. Ɗan kwangila zai aiko mota, zai tambayi lafiyar Ummanku da sunanta, zai ce ai shi da mahaifinki tare suka yi Kwari. Ba lalle mugu ba ne, ni ma ban ɗauki kaina mugu ba. Ki gaishe shi da ladabi, ki hau motar ofis. Ki zaɓi akwakun da za a buɗe da hannunki, na can ƙarshen kwantena, wanda ma'aikata za su yi tsaki kafin su ciro. Kuma ki gwada kaya a inda za su yi aiki. Abin da za a kafa a dajin Katsina a watan azumin bazara, kada a gwada miki shi a ɗaki mai sanyi ana zuba miki shayi. Ki fitar da shi rana tsaka, ki bar shi ya sha zafi har la'asar, ke ma ki tsaya tare da shi.

Na tsaya a tashar jiragen ruwa ta Huangpu aka yi lodi, aka rufe kwantena aka buga mata hatimi a gabana. Na ɗauki hoto na aika Abuja. Har sadaka na yi a ranar.

Kayan sun yi aiki wata biyu, lokacin sanyi. Da zafi ya shigo sai suka fara abin da Alhaji Mamman ya hango. Da hantsi ya ɗaga sai kyamara ta ɗauki zafi, hoton ya tsaya cak. Ba ta mutuwa a gane ta mutu, sai ta bar hoton ƙarshe a kan allo, hanya fayau babu kowa. Jiragen kuwa batirinsu ya kumbura. Masu ƙwaya ba wawaye ba ne, cikin 'yan makonni suka gane cewa idon gwamnati yana barci daga hantsi zuwa la'asar, suka mai da tafiyarsu lokacin.

Wata rana motar sintiri ta fita da rana, an duba allo an ce musu hanya lafiya. Suka faɗa wa ayarin masu ƙwaya da bindigogi a wata kwana. Wani kofur ya rasu a wurin, yaro ne da bai daɗe da aure ba. Ban taɓa ganinsa ba. Na san sunansa, amma ba zan rubuta shi a nan ba, ban isa ba.

Aka kafa bincike. Mai kwangilar ya ce shi kaya ya kawo, kuma jami'in gwamnati ya duba ya sa hannu. Aka duba takarda, ga hannun Manjo Iliya. Aka ce ya karɓi cin hanci a Sin ya karɓo kayan banza, har leshin matarsa aka kawo a matsayin shaida, leshin da ya saya da kuɗinsa a gabana. Aka sallame shi daga aiki babu girma babu arziki. Sunana ya fito a fayil a matsayin wakilin da ya yi lodi kawai, ba wanda ya neme ni. Takardun nan huɗu da za su nuna cewa an canza kayan tun kafin Manjo ya sauka a ƙasar, suna cikin durowata a Tianxiu.

Ya kira ni sau ɗaya a lokacin. Na ga sunansa a waya, na bar ta tana ƙara har ta gaji.

Wannan shi ne babban laifina, ya fi tayin, ya fi ƙaryar. Na farko jahilci ne da kwaɗayi, wannan kuwa da idona biyu na yi shi. Na ce wa kaina ina da 'ya'ya, in na yi magana wa zai riƙe su? Kamar shi Manjo ba shi da su. Shawarar da zan ba ki a nan gajeriya ce. Duk wanda ke aiki yana kuskure, ke ma za ki yi. Ranar da kika gane, a ranar za ki faɗa, kafin a ɗora wa wani. In ya kwana ɗaya ya yi nauyi, in ya shekara sai ki ga kin gina rayuwarki a kansa.

Kun sha tambayata me ya sa na daina zuwa gida sai jefi-jefi, in na zo ma kwana goma na juya. Na ce muku biza ce, na ce kasuwa ce. Tsoro ne. Duk lokacin da na sauka a Kano, jami'i ya ɗan daɗe yana duba fasfona, sai in ce yau an kama ni. In na ga soja a shingen hanya sai in kau da kai. Shekara huɗun nan na ƙarshe ma ban zo ba gaba ɗaya. Ba wanda ya kore ni, ba wanda ya hana ni, ni na ɗaure kaina a ƙasar mutane.

Ga abin da na saya da shirun nan. Ranar da kika gama jami'a a waya na kalla, ƙaninki yana riƙe da ita tana rawa, na ga rabin fuskarki da rabin hular. Autarmu ta fara magana ba na nan, yanzu in an ba ta waya sai ta gaishe ni kamar malamin makarantarsu. Da Hajiya mahaifiyata, mai sunanki, ta kwanta ciwon ajali, na ce sai na gama wani lodi, aka binne ta ina Huangpu. Ummanku tana aiko mini da kuka da daddawa da yaji a hannun 'yan kasuwa, in dafa a ɗan kicin ɗina, in zauna in ci ni kaɗai ina kallon benayen da ban san kowa a ciki ba. Miyar ba ta taɓa yin daɗin ta gida ba, ko ruwansu ne ko hannuna ne, oho. Ina kewar ƙofar gidanmu bayan la'asar, da benci, da masu wucewa suna sannu da hutawa. Ina kewar hayaniyarku da na riƙa yi muku tsawa a kanta. Ina kewarki, Mamana, fiye da yadda uba ke iya faɗa wa 'yarsa ido da ido, shi ya sa ma takarda ta fi mini sauƙi.

Kada ki yi irin wannan zaman a Abuja. Gari ne mai cinye mutum, kowa yana cewa sai an samu sarari. Duk wata ki je gida ko da kwana ɗaya ne. Ki kira Ummanku ko ba ki da labari, ita ba labari take so ba. Ki nemi gidan haya kusa da mutane, inda in ba a gan ki da safe ba za a ƙwanƙwasa. Kuma ki riƙa cin abinci, na san halinki in kin sa kai a aiki.

Wata uku da suka wuce wata baƙuwar lamba ta kira ni, na ɗauka a zaton mai kaya ne. Manjo Iliya ne. Muryarsa ta tsufa. Abincin kaji yake sayarwa yanzu a garinsu. Ya ce bai daina rubuta koke ba duk shekarun nan, kuma an ce za a sake duba maganarsa.

Ya ce, "Alhaji, ba aikin nake so a mayar mini ba, na wuce nan. 'Ya'yana ne suka girma. Babban ya je neman aure, aka ce ai ɗan wanda ya sayar da yaransa sojoji ne. In akwai wata takarda a wurinka, ka dubi Allah."

Na ce, "Yallaɓai, zan duba."

Ya ce, "Na gode. Ka gaida iyali."

Har da gaida iyali, Mamana. Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi. Kuma duk da haka ban duba ba, na ƙara wata biyu ina buɗe durowa ina rufewa. Sai ga wayar Ummanku da labarin aikinki, na tambayi sunan ofishin, ta faɗa. Ofishin da aka mai da koken Manjo ne. Na hango ki kin buɗe fayil kin ga sunan ubanki, kin tsaya tsakanin ki rufe ki zama irina, ko ki tona ki ji kin ci amanata. Na ɗora wa Manjo kayana ya ɗauka shekara tara, ban ga yadda zan ɗora miki ba.

Don haka na aika. Takardun nan huɗu na asali sun isa hannun lauyan Manjo tun makon jiya, tare da bayanin da na rubuta na sa hannu, cewa ni na yarda aka canza kayan, ni na hana a buɗe akwaku, kuma bai karɓi ko sisi ba. Babu abin da ya rage da za ki ɓoye mini ko ki tona. Abin da nake so ki yi ɗaya ne. Ranar da kika fara aiki, kafin ki zauna a kujerarki, ki shiga wurin shugabanki ki ce ke 'yar wane ce, sunansa yana cikin fayil kaza, a nisanta ki da shi. Ki faɗa da bakinki kafin wani ya faɗa. Wataƙila a yi miki wani kallo na ɗan lokaci, wannan kuma ni na jawo miki, ki yafe mini.

Lauyan ya ce za a neme ni in zo in yi bayani da kaina, kuma bai ɓoye mini ba cewa abin zai iya wuce bayani. Mai kwangilar ma ya samu labari, ya kira ni ya ce in na san abin da ya fi mini in yi zamana a Sin. Na kira Ummanku na gaya mata komai, abin da ban taɓa yi ba. Na ce mata in na dawo fa ana iya tsare ni.

Ta ce, "Ka dawo. In an tsare ka a nan, aƙalla na san inda zan kai maka abinci."

Na yanki tikiti. Ina da lodi ɗaya na mutane da zan sallama, in miƙa wa Alhaji Mamman makullin ofis idan ya dawo, sannan in taso, in Allah ya yarda kafin ƙarshen watan gobe. Ban san kwana nawa za a bar ni a gida kafin a kira ni ba. In kin samu hali ki zo Kano a Asabar ɗin farko bayan na sauka, mu zauna a tsakar gida mu ci abinci kwano ɗaya, ki yi mini duk tambayar da kike so. In kuma zuciyarki ba ta ba ki ba tukuna, ba zan riƙe ki ba, ni na san abin da na yi. Zan dai sa a ajiye miki naki a rufe.

Allah ya tsare ki a tafiyarki da zamanki. Allah ya tsare hannunki daga sa hannu a kan abin da idonki bai gani ba, ya tsare ki daga sharrin masu kyauta da masu barazana. Allah ya jiƙan kofur ɗin nan, ya ba iyalinsa haƙuri, ya wanke Manjo Iliya a idon duniya. Allah ya yi miki albarka, ya sa ki fi ubanki, ya nuna mini fuskarki ina raye.

Ki gaida Ummanku da yara. Wassalamu alaikum.

Mahaifinki,
Abba